Yadda Ake Tunatar da Matan da Aka Yi wa Maganin Tabon Bakin Mahaifa Su Dawo Asibiti

Lokacin da aka fara damƙa mini rajistar gwajin bakin mahaifa, na ɗauka da zarar an kashe na'ura mace ta sauko daga gado, aiki ya ƙare. Sai da shekara ta zagayo na buɗe rajistar, na bi gurbin "ta dawo" da ɗan yatsa, na tarar da shafi bayan shafi babu ko ɗigon tawada. Laifin namu ne. Mun ce musu "ki dawo baɗi" a daidai lokacin da hankalinsu ke kan tsoro da tunanin yadda za su shaida wa maigida maganar hutun mako 4 daga kwanciyar aure, sai maganar ta bi iska. Abin da zan zayyana miki a nan, 'yar'uwa sabuwar ma'aikaciya, shi ne tsarin da na koma bi tun daga wancan lokaci.

Ki fara riƙe dalilin dawowar, don da shi za ki shawo kan mace. Tabon da muke gani a bakin mahaifa bayan an shafa ruwan khal bai riga ya zama sankara ba. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo shi, kuma yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe, amma ga mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da HIV da ba ta kan magani, shekara 5 zuwa 10 ta isa. Ko ƙona shi aka yi da na'ura mai zafi, ko daskarar da shi da iskar gas, ko yanke shi da zaren lantarki da ake kira LEEP, mafi yawan mata suna warkewa. Sai dai a jikin wasu tabon yakan saura ko ya sake fitowa, ba ciwo, ba jini, ba wata alama. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce a sake gwaji bayan wata 12, da gwajin HPV inda ake da shi. Mai HIV kuwa, ko gwajin wata 12 ya fito lafiya, za a ƙara mata wani bayan wani wata 12, domin hatsarin kamuwarta da sankarar ya ninka na sauran mata sau 6. A 2020 kaɗai, mata wajen 12,000 aka samu da wannan sankara a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu.

KAYAN AIKI

Rajistar masu dawowa, daban da babbar rajistar gwaji. Littafi mai bango mai kauri ya isa.

Kati biyu ga kowace mace: ɗaya ta tafi da shi, ɗaya ya zauna a wurinki.

Akwati mai gida 13. Kwalin takalmi ko na magani ma ya yi. Ki raba shi da yankakken kwali, gida 12 na watanni daga Janairu zuwa Disamba, na 13 na waɗanda suka saɓa rana.

Wayar asibiti da layinta, da kuɗin kira da aka ware kowane wata. Ƙaramar waya mai maɓalli ta fi riƙe caji. Idan babu wayar asibiti, sayi layi na daban ki sa a taki, kada ki raba lambarki ta gida.

Kalanda mai ɗauke da watannin Turawa da na Musulunci a haɗe.

Biro shuɗi da ja, da fensir.

Mutum ɗaya da aikin ke wuyansa, da mai riƙe masa idan ba ya nan. Wannan ne abin da aka fi rainawa. Aikin da aka ce na kowa ne, babu mai yin sa.

1. KI FARA TUN TANA ZAUNE A GABANKI

Tunatarwar da za ta yi tasiri bayan wata 11, a ranar magani ake dasa ta. Ki bari ta sa kayanta, ta sha ruwa, ta nutsu. Kada ki yi mata bayani tana kwance a kan gado, babu abin da zai shiga kunnenta.

Sannan ki faɗa mata a fili: abin da aka samu ba sankara ba ne, an yi masa magani, amma ba a sallame ta ba sai an sake dubawa. Ni nakan kawo misalin noma, in ce mata ai an yi noman farko, saura maimai, don ciyawa kan sake tsirowa. Babu macen karkara da ba ta gane wannan nan take.

Da kin gama, ki ce ta maimaita miki da bakinta: yaushe za ta dawo, me ya sa, ina za ta nufa. "Kin gane?" ba tambaya ba ce mai amfani, domin kunya za ta sa ta ce "na gane, Sista" ko ba ta gane ba. Ki ce, "Hajiya, in kin koma gida 'yar'uwarki ta tambaye ki me aka ce, me za ki faɗa mata?"

2. NEMAN IZINI DA KARƁAR LAMBA

A nan tsarin ke tsayuwa ko ya rushe, don haka kada ki yi gaggawa.

Tambaya ta farko: "Kin yarda mu kira ki mu tuna miki?" Idan ta ce a'a, ki rubuta da jan biro, ki mutunta maganarta. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake ba tsaro na musamman, kuma ko babu doka, amana ce.

Ta biyu: "Wayar ta wace ce?" Mata da yawa lambar miji suke bayarwa, ko ta ɗa, ko ta maƙwabciya. Ki rubuta sunan mai wayar da dangantakarsu. Ki bi da tambayar da ta fi kowacce nauyi: "Ya san kin zo nan? Me kika yarda mu faɗa masa?" Akwai wadda maigidanta ne ya kawo ta har yana jira a waje, akwai wadda ta fito da sunan zuwa awo ko kai yaro rigakafi. Kuskuren da na yi a farko ke nan. Na kira wata lamba, wata mace ta ɗauka, na zuba bayani ba tare da na tabbatar ba, ashe kishiya ce. Kafin magariba magana ta zama "wance tana da ciwon daji". Baiwar Allah nan ta sha wuya a gidan, kuma sai da na je da ƙafata na ba ta haƙuri kafin ta sake taka asibiti. Har yau abin yana damuna.

Bayan kin rubuta lambar, ki kira ta nan take a gabanta. In wayar na hannunta, ki ji ta yi ƙara, ki kuma taya ta adana lambar asibiti da sunan da ita ta zaɓa, misali "Sista" kawai. Lambobi da yawa da ke cikin tsofaffin rajista babu lamba 11 cikakku, ko an juya biyu daga ciki.

Ki karɓi lamba ta biyu, ta wadda ita ta amince da ita, kuma in da hali ta dangin mahaifanta ce: uwa, yaya ko ƙanwa. Shekara tana da tsawo. Aure kan mutu, a tafi wankan jego gida, miji ya yi ƙaura, amma mahaifiya ta san inda 'yarta take. Layi ma yana mutuwa: wanda aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan rufe ya sayar wa wani, kuma a 2024 mun ga yadda aka toshe layuka masu yawa saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba.

Sai kwatancen gida, irin wanda ɗan acaba zai gane: unguwa, sunan mai unguwa, kusa da wane masallaci ko injin niƙa, da laƙabin da aka san ta da shi. Sunan da ke kan kati sau da yawa babu mai kiran ta da shi a unguwa, "Maman wane" aka sani.

Ki rufe da tambayoyi uku gajeru: tana karanta boko, ko ajami, ko sai an karanta mata? Tana da WhatsApp? Wane lokaci ne ta fi samun sararin amsa waya?

3. SA RANA TAKAMAIMAI

"Bayan shekara" ba rana ba ce. Ki buɗe kalanda ku zaɓa tare: ranar mako, kwanan wata, da ƙarfe nawa. Ki tabbata ranar ta faɗo a ranar da ake yin gwaji a asibitinku, kuma ba ranar kasuwar garinsu ba ce idan tana sana'a. Idan daga ƙauye mai nisa take, wani lokaci ranar kasuwar ce ma ta fi, domin ranar ce ake samun mota. Ita za ta faɗa miki.

Ki ɗaura ranar a kan abin da ba ta mantawa. Mata da yawa, musamman manya, da watan Cika-ciki, Mauludi, azumin tsofaffi, ƙaramar Salla da babbar Salla suke lissafi. "Mako 2 bayan babbar Salla" ya fi zama a kai fiye da kwanan watan Turawa.

Ki lura da azumi sosai. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 10 zuwa 11, saboda haka wadda kika yi wa magani mako 1 kafin azumin bana, ranar cikar shekararta za ta faɗa cikin azumin baɗi. Fatawa ba hurumina ba ce, amma na san mata da yawa ba za su yarda a duba su da rana cikin azumi ba. Ki matso da ranar kafin a kama azumi, ko ki kai ta bayan Salla. Haka nan tsakiyar damina ga waɗanda rafi ke yanke wa hanya, da lokacin girbi. Jinkirin mako 2 ko 3 bai kai hatsarin rashin zuwa gaba ɗaya ba.

Ki gaya mata tun yanzu: idan ranar ta zo tana al'ada, ta yi filashin a sauya mata rana. Idan ta samu ciki, ta sanar, kada ta yi shiru ta ɗauka magana ta wuce.

Ga mai HIV, ki haɗa ranar da ranar karɓar maganinta, tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu. Ki kuma rubuta ranar gwaji na biyu da fensir a katinki.

4. KATI DA AKWATI

A katin da za ta tafi da shi, ki rubuta rana, lambar rajista da lambar wayar asibiti. Kada kalmar sankara ko HIV ta hau kansa, domin yara da baƙi suna ɗaukar kati. Ki ce ta ajiye shi tare da katin rigakafin yara ko cikin jakar da take ajiye takardu masu muhimmanci.

Katinki kuwa ya ƙunshi duk abin da kika tattara a mataki na 2, da irin maganin da aka yi mata. Ki jefa shi a gidan watan da za a kira ta na gaba. Duk ranar Litinin ta farkon wata ki zaro katunan watan ki jera su bisa kwanaki. Akwatin ya zauna cikin kabad mai makulli.

Idan kuna da kwamfuta, jadawalin Excel ko kalandar waya zai sauƙaƙa miki, amma kada ki jefar da akwatin. Ba ya buƙatar wuta, kuma duk wadda ta gaje ki za ta gane shi cikin minti 5.

5. KIRAN DA KE RIƘE ZUMUNCI

Kada ki yi shiru wata 11 sannan ki bugo kamar mai bin bashi. Ni sau biyu nake kira kafin lokacin.

Na farko cikin mako na farko ko na biyu, don jin lafiya. Fitar ruwa-ruwa daga gaba har zuwa wata guda ba abin tsoro ba ne, kuma idan ba ki faɗa mata ba za ta ɗauka an lalata mata mahaifa, ta hana ƙawayenta zuwa. Ki tambaye ta zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, ruwa mai wari, da zubar jini mai yawa ko mai gudaji. Duk wanda ta ce akwai, ta zo a ranar. Ki tambaya a hankali ko an samu damar kiyaye hutun mako 4 ɗin. Wannan kira shi ke sa ta gane muryarki, gobe in kin bugo ta ɗauka.

Na biyu a wata na 6, minti 1 kacal: gaisuwa, tabbatar da lamba na aiki, ko tana nan inda take, ko akwai ciki. Idan lambar ta mutu, kina da wata 6 na nemanta. Bayan kowane kira ki mayar da katin gidan watan da za a sake kiran ta.

6. SAƘON TES

Ki tura sau biyu: saura mako 2, don ta nemi izini ta tanadi kuɗin mota, da kuma saura kwana 1 ko 2. Ga irin wanda nake turawa:

"Salamu alaikum. Daga asibiti ne, muna tuna miki ranar duba lafiyarki: Laraba 14 ga wata, karfe 9 na safe. Ki zo da katinki. In ba dama, ki yi filashin."

Kin ga babu sunan cuta, babu sunan sashe, duk wanda ya karanta ba zai tsinci komai ba. Kin kuma ga na rubuta "karfe" ba da ƙ mai lanƙwasa ba. Da gangan ne. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ, ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya koma 70, saƙon ya rabu gida uku, kuɗi ya ƙaru, a wasu ƙananan wayoyi kuma haruffan su fito kamar akwatuna.

Idan dubawar kyauta ce, ki ƙara kalmar "kyauta". Idan akwai kuɗi, ki faɗi nawa ne a waya tun kafin ta taso.

Ga wadda ba ta karatu, tes ɓata kuɗi ne, kuma yana tilasta mata kai wa wani ya karanta mata sirrinta. Ki kira ta, ko ki tura saƙon murya idan tana da WhatsApp kuma wayar tata ce ita kaɗai. Gargaɗi babba: kada ki taɓa buɗe zauren WhatsApp ki tara su ciki don sauƙi. Kowacce za ta ga lambar kowacce, kin tona asirin gari guda.

7. YADDA AKE KIRAN

Tes yana tunatarwa, amma a kira ne kike jin abin da zai hana ta zuwa. Saura kwana 3 ki buga. Ki yi sallama, ki tabbatar da wa kike magana kafin ki ce komai, ki tambaya, "Kina inda za ki iya magana?" Sannan maimakon "za ki zo?", ki ce, "Me kike ganin zai iya hana ki zuwa ranar Laraba?" A nan gaskiya ke fitowa: babu kuɗin mota, maigida ya yi tafiya bai bar izini ba, babu mai riƙe yara, ko tana tsoron a sake ƙona ta. Ta ƙarshen nan ki kwantar mata da hankali cewa dubawa ce ta 'yan mintoci, kuma mafi yawa lafiya lau ake samun su.

Idan maigida ne ya ɗauka, ki ba shi girmansa: "Malam, barka da aiki. Daga asibiti ne, lokacin duba lafiyar maiɗakinka ya yi, muna neman alfarma a bar ta ta zo ranar Laraba." Kada ki wuce abin da ta ba ki izini. Idan ya matsa da tambaya, ki gayyace shi su zo tare a yi bayani a gabanta. Na lura namijin da aka nemi alfarmarsa da ladabi sau da yawa shi ke ɗauko ta a babur. Inda kika ga ya fi jin maganar namiji, ki ba wani abokin aiki namiji wayar.

Daga bayan azahar zuwa la'asar ne na fi samun mata. Da safe suna kan girki da shirya yara. Idan wayar miji ce, sai bayan isha'i lokacin da ya dawo gida, don ya miƙa mata.

8. RANAR ZUWA

Kwana 1 kafin ranar ki duba kayanki: ruwan khal, ƙarfen buɗawa da aka tafasa ko aka gasa, safar hannu, fitila, da cajin na'ura. Idan wani abu ya yanke ko mai dubawa ba za ta zo ba, ki kira matan a daren ki sauya musu rana. Wadda ta ci bashin kuɗin mota ta zo aka ce "sai wani mako", da wuya ki sake ganin ta.

Masu dawowa kada su bi dogon layin yankar kati. Da ta nuna katinta, a shigar da ita. Ki yi mata sannu da zuwa, ki gode mata. Bayan an duba, ki rubuta sakamako a rajista, ki faɗa mata lokacin gwaji na gaba. Idan samfurin HPV aka ɗauka, katinta ya koma akwati har sai sakamako ya iso kunnenta. Idan an tura ta babban asibiti, ki kira bayan mako 1 ki ji ko ta je.

9. WADDA BA TA ZO BA

Kafin ki tashi aiki a ranar, ki sa wa katinta jan ɗigo ki mayar da shi gida na 13. Ki kira cikin kwana 2, ba da faɗa ba: "Hajiya, mun ji ki shiru, muka ce ko lafiya." Ki ba ta sabuwar rana nan take. Idan ba a ɗauka ba, ki gwada sau 3 a ranaku da lokuta daban-daban, sannan ki koma lamba ta biyu.

Idan duk sun faskara, sai a taka. Jami'an CHIPS, wato masu wayar da kai kan lafiya a unguwa, ungozoma da aka yarda da ita, ko ma'aikaciyar da ke fita rigakafi, kowacce za ta iya kai saƙo, muddin matar ta amince da ziyara tun farko. Saƙon kawai shi ne "Sista tana neman ki". 'Yar aike ba ta buƙatar sanin dalili. Inda babu waya sam, wannan hanyar ce za ta maye gurbin mataki na 5 zuwa na 7, sai ki riƙa ba 'yar aiken sunayen wata guda kafin lokaci.

Wadda ke takaba ki yi mata ta'aziyya, ki lissafa wata 4 da kwana 10 ki sa rana bayansa, sai dai in tana da jini ko ciwo, wannan ba ya jira. Mai ciki ki haɗa ta da masu awo, likita ko babbar ungozoma su tsayar da lokacin dubawa, ki mayar da katinta watan da za ta gama jego. Wadda ta yi ƙaura ki nemo mata asibiti mafi kusa da ke gwajin, ki faɗa mata ta nuna katinta. Kada ki cire kati daga gida na 13 sai da dalili rubutacce.

10. LISSAFIN ƘARSHEN WATA

Ranar aiki ta ƙarshe a wata ki ƙirga abu huɗu: mata nawa ya kamata su dawo, nawa aka samu a waya, nawa suka zo a ranarsu, nawa suka zo bayan an bi su. A gefe ki jera dalilan waɗanda ba su zo ba, da kalmominsu. Bayan wata 3 za ki ga inda ruwa ke yoyo. Idan yawanci lamba ce ba ta shiga, gyaran yana mataki na 2. Idan ana samun su amma kuɗin mota ne, ƙarin kira ba zai magance ba, sai ki kai takardar gaban shugaban asibiti da kwamitin ci gaban mazaɓa, a duba yiwuwar tara matan ƙauye ɗaya a kai musu gwajin asibitin da ke kusa da su a rana guda. Da wannan takarda kuma za ki nemi kuɗin kira na wata mai zuwa.

Duk ranar da za ki tafi hutu ko aka yi miki canjin wurin aiki, ki zauna da mai riƙe miki ku bi akwatin kati bayan kati, ki fara da gida na 13, ki miƙa mata wayar da caja da makullin kabad hannu da hannu.